Kwanon Tarar Haske

Shekara sha tara ina rataye da ita a wuya,
kyamarar nan mai nauyin turmi,
har bayana ya koyi ruku'u ba a kan sallaya ba.
Na ɗauki suna, na ɗauki biki,
na ɗauki 'yan kokawa suna huci a fage,
amma Inna ta gagare ni.

Da ta hango bakin gilashi sai ta ja mayafi:
"Kau da bindigarka, Mijinyawa,
ban ci bashin kowa ba."
Rana kuwa ba ta fita, idonta ya daina shiri da haske,
sai magariba ta sauka a kan Bukoki
take jawo kujera bakin ƙofa
ta zauna ɓarar gujiya.
Na gwada da salula, a sace.
Dusa ce ta fito.
Fuskar ta narke cikin bango,
sai farin ɗankwali yana shawagi ba mai shi.

Na je wurin Hamani a Babbar Kasuwa,
layin masu waya, bayan mai sayar da caja.
Ban gama sallama ba ya ce, "Kai ma?
Ƙarama, mai shiga aljihu, mai faffaɗan ciki?
Kai ne na sha huɗu a wannan wata."
Ya buɗe littafin jira:
ga wata 'yar jami'a mai bin masunta da asuba,
ga likitan dabbobi,
ga direban Agadas da taurari suka hana barci.

Ya ɗora murfin kwalba a tebur,
ya ɗora kwanon sha a gefensa.
"In sama ta tsuge, wanne zai tara?
Haske ma ɗigo-ɗigo yake sauka.
Abin da ke cikin salularka murfi ne.
Mutanen yanzu kwano suke so,
kwanon kuma ya shige aljihun riga."

Na ce nawa.
Ya faɗa.
Na nemi benci.
Kuɗin babur ne, har da mai.
"Kuma babu," in ji shi. "Lome babu, Dubai sai an jira.
Masu ƙerawa sun zaci salula ta binne kasuwar,
suka janye itace,
ga tukunya ta tafaso ba kowa a murhu."

Na miƙe zan tafi, ya riƙe min hannun riga.
"Wannan tawa ce, ba ta sayarwa ba.
Dare ɗaya.
In ka yar, ka nemi wani gari, Yamai ta yi mana kaɗan."

Daren nan wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba.
Aka kunna fitilar ƙwai.
Na zauna a tabarma ina taya ta hira,
abin yana aljihuna kamar ƙullin goro.
Na zaro, na latsa.
Ƙarar ba ta kai fashewar ɓawon gujiya ba.

Sai ga ta.
Ga tsagar Adar a kumatu, layi bayan layi,
ga jijiyar hannu, ga zoben azurfa da ya sha wanki,
ga 'yar fitila zaune cikin ƙwayar idonta.
Baƙin fata bai ɓace a cikin baƙin dare ba,
kowanne ya tsaya da sunansa.

Na miƙa mata, ina jiran faɗa.
Ta kai shi dab da hanci, ta daɗe.
Gujiya ta zube daga cinyarta, ba ta kula ba.
"Ina ka samo uwata?" ta ce.
"Ta rasu a Illela tun ba a san hoto ba."

Na yi shiru. Sauro ya yi ta waƙarsa.
Can ta gyara zama, ta taɓa goshi.
"Sake wani.
Tsaya tukuna, ɗankwalin ya karkace."

Da safe na mayar wa Hamani kayansa.
Na ajiye jika biyar a kan littafin,
na ce ya rubuta sunana da biro,
kada ya goge.